Inda Ake Karatu a Ƙofar Dawanau

Daga watan Afrilu zuwa Yuli, lokacin da jarrabawar JAMB da WAEC da NECO ke bin sawun juna, mai wucewa ta Ƙofar Dawanau bayan sallar isha'i zai ga wani abu in bai cika sauri ba. Duk inda fitilar sola ta haska, ko a bakin masallaci, ko a gaban kantin magani, ko a gindin falwaya, da wuya ka rasa yaro ɗaya ko biyu da littafi a cinya. Wani ya shimfiɗa kwali ya miƙe ƙafa. Wani ya ari bencin mai shayi, da sharaɗin in masu saye sun yi yawa zai tashi. Wani kuma zama ba ya karɓarsa, kai-komo yake yi yana motsa baki, yana cusa wa kansa abin da malamin kimiyya ya rubuta a allo tun zangon farko. 'Yan adaidaita sahu suna ta hon, injin wani shago yana ruri, sauro yana nasa aikin, su kuwa ko a jikinsu.

Ba son titi ne ya fito da su ba. Ɗakin da yaron yake kwana su biyar ne ko shida a ciki, ƙanne na kokawa, rediyon Baba a kunne, an ɗauke wuta tun la'asar, ga zafin bazara da ke sa bangon siminti ya riƙa huci har tsakar dare. Ka kuma sake duba waɗanda ke ƙarƙashin fitilar, duk maza ne. Ƙanwarsu ma jarrabawar nan za ta zauna, rana ɗaya, tambayoyi iri ɗaya, amma ba uban da zai bar 'yarsa a bakin titi ƙarfe goma na dare, kuma da gaskiyarsa. Ita tana ciki da tocilan ɗin waya, bayan ta gama wanke-wanke.

Abin da yaran nan suke nema bai wuce kujera da haske da iska da shiru ba. Littafin yana hannunsu, tsofaffin tambayoyin jarrabawa ne da aka gada wajen Yaya, ko kuma suna cikin waya. Na lura duk sa'ad da manya suka tashi maganar laburare, a rediyo ko a wajen taro, da yawan littattafai suke farawa: an sayo dubu kaza, an karɓo gudummawar katan kaza daga ƙasar waje. Masu zuwa laburaren kuwa akasarinsu ba sa ko kallon kanta. Wurin zama suka zo nema. Wannan ba abin kunya ba ne ga laburare, shi ne ma hidimarsa ta farko a gari irin Kano, inda mutum zai wuni ya kwana bai samu minti goma shi kaɗai ba.

Mazaunin Ƙofar Dawanau ko Gwammaja ko Kurna, in ya ce zai tafi laburare, yawanci Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad yake nufi, wanda ke kan titin Ahmadu Bello a Nassarawa, ƙarƙashin Hukumar Ɗakunan Karatu ta Jihar Kano. Gini ne babba, kuma ba karatu kaɗai ake yi a cikinsa ba. Akwai zauren taro inda ake lacca da ƙaddamar da littattafai. A nan ofishin jakadancin Amurka ya buɗe sashen da ake kira American Corner, inda matasa ke samun kwamfuta da intanet da bayani kan neman gurbin karatu. Marubutan Kano na ƙungiyar ANA sun sha haɗuwa a harabar, mutum ya karanta gajeren labarinsa ko waƙarsa, 'yan uwa su yi masa gyara, wani lokaci gyaran ya fi labarin tsawo.

Zaman ɗakin karatu yana da nasa al'adu waɗanda ba a rubuta su a bango ba. Jaka a bakin ƙofa ake barinta. Wanda ya yi sammako ba kujerar kusa da taga yake nema ba, ta kusa da soket yake nema, domin mai soket shi ne sarkin teburi, kowa sai ya sunkuyo ya yi masa raɗa: “Malam, don Allah in taka ta ɗan samu, ka sa min tawa.” Da an kira azahar ɗaki zai watse, amma ba kujerar da za ka samu, kowa ya bar wakili. Wannan biro da littafi a buɗe, wancan gorar ruwa, wani hankici kawai. Kuma ba mai taɓawa. Mutumin da zai kutsa gabanka a layin banki ba kunya, a nan yana girmama hankicin da mai shi ba ya nan. Bayan azahar sai kawuna su fara sauka kan teburi ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa ganin laifin masu barcin nan ba. Wanda ya kwana yana fifita da kwali, in ya samu fanka da shiru, jiki ne zai fara karɓar haƙƙinsa kafin ƙwaƙwalwa.

Matsalar ita ce nisa. Daga Ƙofar Dawanau zuwa Nassarawa sai ka ratsa gari, sau da yawa hawa biyu. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin adaidaita sahu ya zama abin da ake zama a yi lissafinsa a gida. Zama a laburare ba shi da tsada, amma zuwa da dawowa da abincin rana suna da ita. Uban da ke da 'ya'ya uku masu jarrabawa ba zai iya ba kullum.

Laburaren da ke kusa shi ne na Mambayya, gidan Malam Aminu Kano a Gwammaja. A nan Malam ya zauna, a nan aka binne shi da ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. Tun shekarar 2000 gidan ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero, da ɗakin karatu, da wurin adana kayan tarihin Malam, da babban zauren taro mai sunan Sa'adu Zungur. Ba a cika rasa abin da ake yi a ciki ba: lacca, bita, taron ƙungiyoyi, da taron tunawa da Malam kowace shekara. Cibiyar bincike ce, an yi ta ne don masu nazari, kuma tana aikinta. Abin da ya ɗauki hankalina shi ne yadda mutanen unguwa suke kallon irin wannan wuri. Ba wanda ya kore su. Geti suka gani da mai gadi da motoci a jere da mutane masu rataye da kati a wuya, sai mai faci ko mai kayan miya ya yanke wa kansa hukunci cewa wurin na 'yan boko ne. Zai yi shekara da shekaru yana wucewa ta gaban gidan, ya san na Malam ne, yana yi masa addu'a, bai taɓa kawo wa ransa cewa akwai kujerar da zai iya zama a ciki ba. Ƙofa a buɗe daban, gayyata daban.

Ba yau aka fara kawo wa talaka karatu kusa da gida ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu hukumomin En'e sun buɗe ɗakunan karatu a garuruwan Arewa don jama'a su ji labarin yaƙi ta bakin gwamnati. Ɗaki ɗaya ne, benci da teburi da jaridu, babbarsu Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita daga Zariya a Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta. Wanda ya iya karatu ya karanta da ƙarfi, waɗanda ba su iya ba su kewaye shi. A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna don ya riƙa tallafa wa waɗannan ɗakuna da littattafai da horar da ma'aikata. Shekarun nan ne kuma na Yaƙi da Jahilci, lokacin da hukumar NORLA ta riƙa buga ƙananan littattafai masu araha, don wanda ya koyi baƙi da wasali ya samu abin karantawa kada karatun ya gudu. Wannan dabarar ce muka fi mantawa da ita: koya wa mutum karatu abu ne na wata shida, hana karatun gudu abu ne na tsawon rai. Gwamnatin Abubakar Rimi ta sake ɗaga maganar a 1980 da Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, azuzuwa suka cika da magidanta da matan aure, har hukumar ta samu lambar yabo daga UNESCO. Kamfanin Triumph na jihar ya fitar da Albishir da boko, Alfijir da ajami, domin an san birnin nan cike yake da mutanen da ba su zauna a aji ba amma suna karanta haruffan Larabci tun suna yara. Ɗakunan En'e ba su da girma, amma suna kusa. Daga baya hankali ya koma kan manyan gine-gine, ƙananan rassa kuwa, inda suke, suka zama 'yan bora.

To da yake buƙata ba ta jiran gwamnati, hidimomin da ya kamata laburare ya tara a wuri ɗaya sai suka warwatsu a bakin titi, kowacce da mai ita da farashinta. Wuta tana wurin mai caji, wanda ya jera soket a allon katako, ya liƙa wa kowace waya lamba, ya ba ka ɗan kati. Teburin mai jarida, inda ya rage, shi ne ɗakin muhawara: mutum goma a tsaye, mai saye ɗaya. Kwamfuta da firinta suna kafe. Tun da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, aka kuma wajabta lambar NIN kafin rajista a 2021, shagon kafe ya zama ofishin unguwa. A nan ake buga silif, a duba sakamako, a cike fom na makaranta da na aikin ɗan sanda da na tallafi, a rubuta takardar neman aiki. A nan dattijo ke miƙa wa sa'an jikansa wayarsa da lambobin sirrinsa duka, yana cewa, “Ɗana, duba min, wai sun ce an turo saƙo.” Sau da yawa yaron kafe nagari ne. Amma ba kullum ba, kuma dattijon ba shi da hanyar bambancewa. Akwai kuma ɗaliban da ranar jarrabawa ce ranarsu ta farko ta riƙe linzamin kwamfuta. Sun san amsa, hannu ne ke rawa, lokaci yana tafiya.

Wanda ya fi kowa yin aikin laburare na ainihi, wato ba da littafi a kai gida a dawo da shi, shi ne mai hayar littattafan Hausa. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990, lokacin da littattafan da ake kira Adabin Kasuwar Kano suka cika gari, su Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Funtuwa, da wuya unguwar da ba ta samu ɗan shago ko teburin haya ba. Mai shagon bai yi kwas ɗin aikin laburare ba, amma duba tsarinsa. Yana da babban littafin rajista mai layi-layi: sunan littafi, sunan gida, rana. Yana naɗe bango da salatif kafin ya fara bayarwa, ya rubuta sunan shago a shafin farko da kuma wani shafi can tsakiya inda ɓarawo ba zai yi tunanin dubawa ba. Ya san wanda ake rububi, sai ya sayi kwafi uku. Ya san gidan da littafi ke dawowa da tabon manja, da gidan da ba ya dawowa sai an aika. Ba ya neman katin shaida, domin ya san uban kowa.

Masu karatunsa mata ne, akasari matan aure da ba sa fita, don haka ba ya ganinsu, saƙonsu kawai yake ji ta bakin yara. “Wai in ji Antina a ba ta na uku.” “Je ki ce mata sai na biyu ya dawo, yau kwanansa huɗu.” Yarinya ta ruga, ta dawo da littafin a cikin hijabi da canji a dunƙule a hannu. Littafin da aka biya wa kuɗin kwana ɗaya sai ya zaga gida uku ta kan katanga kafin magariba. Mai haya ya sani, ya kawar da kai. A Kenya hukumar laburaren ƙasar ta fara ɗora akwatunan littattafai a kan raƙuma a Garissa a 1996 don kai wa makiyaya, duniya ta yi ta ɗaukar hoto. A Kano 'yar aike mai shekara takwas ta riga raƙumin fara wannan aiki, ba wanda ya ɗauki hotonta.

An zagi littattafan nan, an ce suna ɓata tarbiyya. Wasu sun cancanci suka, da yawa ba su cancanta ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yawan matan da bokonsu ya tsaya a aji shida ko aji uku na sakandare, kuma littattafan nan ne suka hana karatunsu gudu. Aikin NORLA suka ci gaba da yi ba da sisin gwamnati ba. Yanzu harkar ta koma waya. Marubuciya tana sakin labari shafi-shafi a WhatsApp, a tura mata kuɗi ta banki ta sa mutum a guruf, wasu kuma sauraro suke a YouTube ko a rediyo suna tsintar shinkafa. Shagunan haya da yawa sun koma sayar da kati da caja. Masu karatu suna nan, sun ma ƙaru. Amma mai ƙaramar waya, da wadda maigidanta bai yarda ta riƙe babba ba, da wadda ba ta da kuɗin data, su ne suka tashi a tutar babu, 'yar aike kuma ba ta da inda za a aike ta.

Akwai laburaren da ya girmi duk waɗannan, ko da yake ba a kiransa da sunan. Daga Ƙofar Dawanau in ka nausa cikin gari wajen Dala, ka shiga unguwanni irin su Madabo, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana karantar da fiƙihu, za ka ga zaure da buzu da tarin littattafai jingine da bango, wasu bugun Misra, wasu rubutun hannu a cikin gafaka. Bayan asuba ko bayan magariba ɗalibai za su hallara, tela da ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati, kowa da inda ya tsaya, wannan Ahalari, wancan Iziyya, wancan Risala. Ba rajista, ba kuɗin wata. Aron littafi kuwa sai wanda Malam mai zauren ya yarda da shi. “Allah gafarta Malam, ko zan ɗan tafi da sharhin nan in duba?” Malam zai yi shiru, ya dube shi sama da ƙasa, kafin ya ce, “To, amma ranar Asabar ina son abina.”

Raunin wannan laburare yana bayyana ne ranar da Malam ya rasu. Littattafai su shiga rabon gado, mujalladi na ɗaya ya tafi gidan wannan ɗa, na biyu gidan wancan. Wanda ba ma'abocin karatu ba ya kulle nasa a adaka don albarka, gara da ɗigon damina su gama da shi. Malam Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano wanda ya rasu a 1962, ya bar takardu da littattafai fiye da 3,000, na Larabci da na ajami. Suna nan lafiya a haɗe, an jera su an yi musu lamba, amma a Jami'ar Northwestern ta Amurka. Mutum yana iya jin haushi. Ni dai na fi jin takaicin littattafan sauran malaman zamaninsa, waɗanda ba su je ko'ina ba, kuma yau ba a san inda suke ba.

In ka haɗa mai caji da mai kafe da mai haya da zauren Malam, ka kusa samun laburare. Abu ɗaya ne ya rage, kuma shi ne babba. Kowannensu yana neman wani abu a wurinka kafin ka zauna, ko kuɗi ko sanayya. Mai shayin ma da ya ba da aron benci yana sa ran za a sayi ko da ruwan bunu ne. Laburaren jama'a shi ne wurin da ba a tambayarka ɗan gidan wane ne kai, ko me za ka saya, ko wace ɗariƙa kake bi, ko wace jam'iyya kake yi. A birnin da masallatai ma an san wannan na su wane ne, wancan na su wane, wurin zama irin wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gardin da ya haddace Alƙur'ani yana son ya iya rubuta sunansa da boko, amma ba zai zauna aji ɗaya da yara 'yan shekara bakwai ba, nan ne wurinsa. Yaran da ke gararamba a lungu duk tsawon hutun Agusta, in an samu wata Gwaggo mai bakin tatsuniya ko wani malamin firamare da zai karanta musu labari da ƙarfi na awa ɗaya, nan ne wurinsu. Ma'aikaciyar asibiti da ke son yi wa mata bayanin rigakafi ko ciwon suga ba sai ta jira an yi suna ko biki ba.

Na san ana zolayar duk yaron da ya cika riƙe littafi cewa karatu zai taɓa shi, kuma a Kano in aka ce za a kai mutum Dawanau ba kasuwar hatsi ake nufi ba, asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa ake nufi. Ni dai a unguwannin nan ban ga wanda littafi ya zautar ba. Na ga waɗanda zaman banza da ƙwaya suka kai can.

Kuɗi ba su ne suka gagara ba. Ƙofar nan sunan garin da hanyarta ke nufa ta ɗauka, Dawanau, inda kasuwar hatsin da ake cewa babu kamarta a Afirka ta Yamma take. Riɗi da zoɓo da citta da wake suna fita daga can tirela-tirela har ƙasashen waje. Ga kasuwar Ƙofar Ruwa ta 'yan rodi da kayan gini a maƙwabta. Attajiran wuraren nan ba marowata ba ne, suna gina masallatai, suna haƙa rijiyar burtsatse, suna ciyarwa da azumi. Ɗakin karatu ne dai bai shiga jerin abin da muke ɗauka sadaka mai gudana ba, alhali ilimin da ake amfana da shi yana cikin abubuwa ukun da hadisi ya ce ladansu ba ya yankewa. Fili ma ba shi ne ya gagara ba. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara kusan shekara 900 da suka wuce ta zaizaye a wurare da yawa, kuma inda badala take a da an samu filin shaguna da gareji da wurin wankin mota.

Andrew Carnegie, attajirin ƙarfe na Amurka, ya ba da kuɗin gina ɗakunan karatu fiye da 2,500 tsakanin 1883 da 1929. Abin dubawa a wurinsa ba yawan ba ne, sharaɗin ne. Ba ya ba gari gini sai garin ya ba da fili, ya kuma ɗauki alkawarin kashe kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin kowace shekara wajen albashi da gyara da sababbin littattafai, sannan kowa ya shiga kyauta. Mu a nan ranar buɗewa muka ƙware a kai: rumfa, maroƙa, allon marmara mai sunan mai girma. Bayan wata shida batirin sola ya mutu, ma'aikacin ya koma leƙowa sau biyu a mako, makulli yana hannun wani da ya yi tafiya.

Abin da Ƙofar Dawanau ke buƙata bai kai a kira ɗan kwangila daga Abuja ba. Shago biyu a haɗe sun isa, ko aji ɗaya a makarantar firamare bayan an tashi. Sola mai ɗaukar fanka da fitila, da soket masu yawa. Kwamfuta ko biyar ce, da mutum mai amana da zai taya dattijo cike fom ba tare da ya riƙe lambar sirrinsa ba, ya kuma saba wa ɗalibi da linzami tun da wuri. Kanta ta Hausa, boko da ajami, kada a cika ta da tsofaffin littattafan noman ƙasar dusar ƙanƙara da wani ya rasa inda zai zubar. Lokacin buɗewa kuwa shi ne kan gaba. Ɗakin da ke bin agogon ofis, a buɗe takwas a rufe huɗu, don ma'aikatansa aka yi shi, domin masu buƙatarsa a lokacin suna makaranta ko kasuwa. Nasu lokacin daga la'asar ne zuwa goma na dare, da Asabar da Lahadi.

Mata kuma in ba a ware musu ɗaki ko lokaci nasu da ma'aikaciya mace ba, ba za su zo ba komai kyan wurin, kuma wannan ba sai an kafa kwamiti za a sani ba. Ga islamiyyun matan aure nan, waɗanda tuni mazaje suka yarda da zuwansu. Akwatin littattafai ya je can ranar karatu, ya dawo bayan mako biyu a sauya. Wanda zai riƙe rajistar ba sai an nemo mai digiri ba. Tsohon mai hayar littafi yana nan a unguwa yana sayar da katin waya, kuma har yanzu ya san gidan kowa.

Masu unguwanni da kansilolin yankin, da shugabannin ƙaramar hukumar Dala, da 'yan kasuwar Dawanau da Ƙofar Ruwa, maganar tana hannunku. Kafin a sa ranar buɗewa a rubuta wanda zai biya albashin mutum biyu da wanda zai sauya batir in ya mutu, a sa hannu a gaban shaidu. In ba a samu mai ɗaukar wannan nauyi ba, a bar kuɗin rumfa da maroƙa, a saya wa firamaren unguwa benci da su.